Emeka Okafor, Katangar Connecticut

An ce taura biyu ba ta taunuwa. To, Emeka Okafor ya taune su a Jami'ar Connecticut tsakanin 2001 da 2004, kuma har gobe ban ga ɗan wasan ƙwallon kwando na jami'a da ya burge ni kamarsa ba.

A Houston ta jihar Texas aka haife shi a 1982, iyayensa 'yan ƙabilar Ibo ne da suka tashi daga Najeriya. Tsayinsa ya ɗara mita biyu, amma dogaye ai sun yi yawa a Amurka. Abin da ya fitar da shi daban shi ne sanin lokacin tashi sama. Ɗan wasa zai kutso da gudu, ya yi tsalle, yana ganin ƙwallo ta gama shiga, sai kawai hannu ya bayyana ya maido masa da kayarsa. Sau 441 ya yi wa mutane haka a kaka uku kacal! Wasu ma da sun hango shi a gindin kwando sai su fasa, su miƙa wa wani ƙwallon.

Wanda bai kalli karawar Connecticut da Jami'ar Duke a wasan kusa da na ƙarshe na gasar jami'o'i ta NCAA ta 2004 ba, wallahi an yi babu shi. Wasa bai yi nisa ba alƙali ya rubuta wa Okafor laifi biyu, alhali a wasan jami'a biyar ke fitar da mutum. Koci Jim Calhoun ya zaunar da shi a benci har aka tafi hutun rabin lokaci, mu magoya baya muna ta cizon yatsa. Da aka dawo, bawan Allah ya zuba maki 18, duka a kashi na biyu. Saura ƙasa da minti huɗu a tashi Duke na gaba da maki 8, amma Connecticut ta jero 12 ba a rama ko ɗaya ba. Shi ne ya fizge ƙwallo a gindin kwando ya jefa wadda ta sa suka wuce gaba. Aka tashi 79 da 78. Kwana biyu bayan nan, a birnin San Antonio, ya ci maki 24, ya cafke ƙwallo 15 da suka dawo daga kwando, suka doke Georgia Tech 82 da 73, aka ba shi kambun gwarzon wasannin ƙarshe. Kuma fa duk wannan da ciwon baya ya yi shi, ciwon da ya hana shi buga wasu wasanni a watan Maris.

Ga taura ta biyu. Digirin da ake yi a shekara huɗu, shi a uku ya kammala, a fannin harkar kuɗi, da matsakaicin maki wajen 3.8 cikin 4. Ka lissafa atisaye, da tafiye-tafiye daga wannan jiha zuwa waccan, da wasannin dare, sannan ka gaya mini yaushe yake buɗe littafi. A shekarar da ya ɗaga kofi, shi aka zaɓa ɗalibi mafi hazaƙa cikin 'yan ƙwallon kwando maza na manyan jami'o'in ƙasar.

A zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA a 2004, ƙungiyar Orlando ta tsallake shi ta ɗauki Dwight Howard, yaro daga sakandare, sai Charlotte Bobcats ta karɓe shi a na biyu. A lokacin na ji haushi ƙwarai, ko da yake Howard ya zama babban ɗan wasa. Kyautar gwarzon sababbin shiga ta 2005 dai Okafor ne ya lashe ta.