Hoton Fim da Sharuɗɗan Gasa a Zamanin Dijital

Da wuya ka ga gasar ɗaukar hoto ta fito fili ta ce ta haramta hoton fim. Sharuɗɗan shiga ne ke korar sa. Gasanni da dama kan nemi a turo ɗanyen fayil da ake kira RAW, tare da bayanan da kyamarar dijital ke liƙa wa kowane hoto, wato rana da sa'a da irin na'urar. Wanda ya ɗura fim mai ɗaukar hoto 36, ya shiga ɗakin duhu ya wanke da hannunsa, ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Nagatif ne kawai shaidarsa.

Masu shirya gasa suna da hujjarsu. A 2015 gasar World Press Photo ta Amsterdam ta kori kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe, saboda an yi musu ƙari ko ragi a kwamfuta. A 2023 kuma Boris Eldagsen, ɗan Jamus, ya ci wani rukuni na gasar Sony da hoton da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, sannan ya ƙi karɓar kyautar. Dole alƙalai su tsaurara bincike. Sai dai duk wannan ɓarna a kwamfuta aka yi ta, don haka rufe wa fim ƙofa a kanta barin jaki ne a daki taiki.

A gaskiya ma nagatif ya fi fayil tsayawa a matsayin shaida. Ɗaga zirinsa zuwa haske, za ka ga lambobi jere a gefensa, ga hoton da aka ɗauka kafin wanda ake magana a kai, ga na bayansa. Bayanan fayil kuwa ana iya sauya su cikin 'yan mintuna. An sha yin maguɗi a ɗakin duhu, kamar yadda aka riƙa goge mutane daga hotuna a zamanin Stalin, amma asalin nagatif ne ke tona irin wannan asiri. Ita kanta World Press Photo tana karɓar hoton fim idan an haɗa da uku na gabansa da uku na bayansa. Ke nan hanya tana nan, ƙyuiyar bin ta ce ke damun sauran gasannin.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne irin mutanen da wannan sharaɗi zai bari a waje. Da fim baƙi da fari Malick Sidibe na Bamako ya adana rayuwar samarin Mali, har aka ba shi kyautar Zakin Zinare a Benis a 2007. Kuma fim bai mutu ba, tunda Kodak ta dawo da fim ɗinta na Ektachrome kasuwa a 2018 bayan ta daina yin sa.

Masu rubuta dokokin gasa su ƙara layi ɗaya: wanda ya ɗauka da fim ya kawo nagatif ɗinsa a duba.