Kaboyin Nijar da Masu Yi Masa Tafi

A shekarar 1966 wani saurayi ɗan Nijar mai suna Moustapha Alassane ya shirya wani fim na minti 34, ya sa masa suna da Faransanci Le Retour d'un aventurier, wato komowar mai yawon duniya. Fim ne na kaboyi mai ban dariya, ana kuwa lasafta shi cikin na farko irinsa da ɗan Afirka ya yi. An haifi Alassane a N'Dounga kusa da Yamai a 1942, ya fara da aikin kanikanci, sa'an nan ya koyi ɗaukar fim wurin Bafaranshen nan Jean Rouch. Ya rasu a Wagadugu a 2015. Ina so mu duba fim ɗin nan tare da masu kallonsa, gama a ganina abin da masu kallo suka yi da shi ya tabbatar da maganar da yake yi a kansu.

Ga yadda labarin yake. Wani saurayi, Jimi, ya komo ƙauyensu daga Amurka da tsaraba cike da akwati: malafa, da dogayen takalma, da ɗamara, da libarba. Ya rarraba wa abokansa. Da suka sa kayan sai suka yar da sunayen da iyayensu suka raɗa musu. Babu sauran Kali ko Ibrahim ko Bubakar, sai Black Cooper, da James Kelly, da Casse-Tout, wato fasa-duka. Budurwar da ke cikinsu kuwa ta zama Reine Christine, Sarauniya Kiristin. Suka hau dawakai suna sukuwa a dajin da raƙuman dawa ke kiwo, suna shan barasa, suna karta, suna dukan mutane, suna kwasar abin da ba nasu ba. Dattawan gari suka rasa yadda za su yi da 'ya'yansu. Daga baya rigima ta shiga tsakanin samarin, wasa ya zama zub da jini.

Alassane bai ƙago waɗannan samari daga kansa ba. A zamanin nan duk babban gari yana da gidan silima. A Kano an buɗe Rex tun 1937. A nan Kwatano manyanmu suna tuna Vog, da Concorde, da Le Bénin, inda yaran Gbégamey da na Zango suke tara kuɗin dako su shiga. Ba a kallon fim ɗin kaboyi da baki rufe. Ana ihu, ana gargaɗin jarumi cewa ga wani a bayansa, ana zagin mugu. Mutanen Kano suna ce wa jarumi ekta, mugun kuma bos, mu na ƙasar Faransanci muna cewa chef bandit. In an tashi sai yara su fito suna tafiya da ƙafa a buɗe, suna kiran juna Django, ko Trinita bayan da fim ɗin Terence Hill da Bud Spencer ya fito daga Italiya a 1970. Tun a 1958 Rouch ya nuna wannan hali a fim ɗinsa Moi, un noir, inda Oumarou Ganda, ɗan Nijar mai aikin lebura a Abijan, yake kiran kansa Edward G. Robinson. Saboda haka mutanen da suka zo kallon Jimi da abokansa, kansu suka zo kalla.

To, dariyar da ake yi wa wannan fim iri biyu ce, ya kamata mai karatu ya rarrabe su. Akwai dariyar wanda ya ga ƙato ya hau dokin ƙara. Shi yana ganin malafa ta yi wa mutum yawa, yana ganin ɗan manomi yana kwaikwayon tafiyar Bature, sai ya tuna cewa kayan aro ba ya rufe katara. Wannan ita ce dariyar da Alassane ya nema. Akwai kuma dariyar sha'awa, ta yaron da ya ga an mari dattijo ba wanda ya hana, ya ce a ransa, da ma ni ne. Su biyun suna zaune a benci ɗaya, suna ƙyalƙyalewa a lokaci ɗaya, amma in an tashi kowa da abin da ya tafi da shi gida.

A nan ne nake ganin ƙarfin fim ɗin da kuma rauninsa. Ƙarfinsa shi ne ya bar mai kaya a gaban idonmu. A yawancin finafinan kaboyi na Amurka, wanda aka yi wa fashi banki ne ko kamfanin jirgin ƙasa, abin da ba shi da fuska, ba ya kuka. A na Alassane kuwa maƙwabci ne, tsoho ne wanda ya san uban ɓarawon. Ba a iya yi wa Casse-Tout tafi da zuciya ɗaya alhali ana kallon mutanen garinsu. Rauninsa kuma shi ne dawakin sun yi kyau ainun. Sukuwar tana da daɗin kallo, kayan suna ƙyalli, dattawa kuwa suna zaune suna shawara. Yaro mai shekara goma sha biyar ba zai zaɓi zaman shawara a kan sirdi ba. Mai ba'a da ya kwaikwayi abu har ya iya shi sarai, wani lokaci talla yake yi masa bai sani ba.

Bari mu dubi inda almarar ta fito. Kaboyi na gaskiya makiyayi ne mai karɓar lada. Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, su ne suke kora shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa a Kansas, kamar yadda ake gangaro da shanu daga arewa zuwa bakin teku a wurinmu. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu baƙaƙe ne, da yawa kuma 'yan Meziko. Aiki ne na ƙura da ƙishirwa. Ɗan fashi kuwa wani mutum ne dabam. Jesse James ya yi fashin bankuna da jiragen ƙasa, amma wani editan jarida a Kansas City, John Newman Edwards, ya yi ta rubuta shi kamar mai ƙwatar wa talaka haƙƙinsa, ko da yake ba a sami shaida cewa ya taɓa raba wa talakawa abin da ya sata ba. A 1876 ƙungiyarsa ta kashe wani ma'aikacin banki a Northfield, Joseph Heywood, domin ya ƙi buɗe musu ma'ajin kuɗi. A 1882 wani yaronsa, Robert Ford, ya harbe Jesse daga baya. Sunan Jesse ya iso har Zango. Na Heywood bai iso ba.

Amurkawa da kansu sun yi wa wannan hali ba'a. A 1965 aka fito da Cat Ballou, labarin wata malamar makaranta da ta zama 'yar fashi bayan an kashe mahaifinta, ta kuma faɗa soyayya da wani ɓarawon shanu. Ta aika a kirawo mata wani shahararren maharbi wanda ta karanta labarinsa a littattafan kwabo, sai ga shi ya iso mashayi ne tuɓuran. Lee Marvin ya sami lambar Oscar saboda wannan rawa. Cikin fim ɗin akwai mawaƙa biyu, ɗayansu Nat King Cole, suna bin labarin suna rera waƙar yarinyar. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan, gama ya san maroƙi. Ya san Gambu mai waƙar ɓarayi, mutumin ƙasar Kabi, wanda ya yi suna da kiran ɓarayi da kirarinsu. Ɓarawo shi kaɗai ɓarawo ne kawai. Sai ya sami mai yi masa waƙa da masu sauraro kafin ya zama gwarzo.

Ita kuma mace, a irin waɗannan finafinai, aikinta shi ne ta zama shaida. In kyakkyawar yarinya ta so ɗan fashi, mai kallo yakan ce lalle akwai alheri a cikinsa, sai ya yafe masa gawar da ya bari a hanya. Alassane bai ba Reine Christine magana mai yawa ba, wannan ma laifi ne da zan ɗora wa fim ɗin. Amma abin da ya sami wadda ta yi rawar ya fi fim ɗin kansa koya mana. Sunanta Zalika Souley, an haife ta a Yamai a 1947, wato ba ta cika shekara 20 ba sa'ad da ta sa wando da malafa ta hau doki. Daga baya ta fito a Cabascabo da Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar lambar FESPACO a Wagadugu a 1972. Sau da yawa rawar macen banza ko muguwar kishiya ake ba ta. A 2004 Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta, Al'lèèssi, inda aka ga yadda mutane suka ɗauki halin matan da take kwaikwayo suka jingina mata, aka zage ta, aka guje ta. Aka nuna ta tana zaune da 'ya'yanta cikin talauci a Yamai, har daga baya ta fita ƙasar waje aikatau. Ta rasu a 2021.

Mai karatu, ka auna wannan. Masu kallo ɗaya ne suka kasa raba wasa da gaskiya sau biyu. Namiji ya sa kayan ɗan fashi, suka ɗauki sunansa suka raɗa wa kansu. Mace ta sa kayan nan, suka ɗauke ta mara tarbiyya. Jimi ya gaskata cewa malafa tana mai da mutum kaboyi, su kuma suka gaskata cewa wando yana mai da yarinya 'yar iska. Ashe wautar da suka biya kuɗi suka yi wa dariya, da ita suka koma gida.

Akwai waɗanda suke cewa maganin abin shi ne a hana yara kallo. Tarihi ya nuna wata hanya. A Kinshasa, wajen shekarun 1950, samari marasa aiki sun kafa ƙungiyoyi suna kiran kansu Bills, daga sunan Buffalo Bill, suna sa kayan kaboyi suna faɗa unguwa da unguwa. Wani fada ɗan Beljiyam, Jef De Laet, ya shiga cikinsu, ya koyi yarensu na titi, har suka laƙaba masa Père Buffalo. Ya jawo da yawa daga cikinsu zuwa ƙungiyar matasa da kiɗa da sana'a. Ya gane cewa yaron da ya ari sunan kaboyi suna yake nema, domin ba wanda ya san shi da nasa.

Tsofaffin gidajen silima na Kwatano sun rufe, kallo ya koma cikin wayar hannu. Doki ya zama babur, libarba ta zama babbar bindiga. 'Yan bindigar da suka addabi ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, da iyakar Maraɗi, wasunsu suna ɗaukar kansu a bidiyo suna baje kuɗi, ana kuwa samun masu kallo da masu turawa, har da masu yi musu waƙa. Mu da muke da dangi a can mun san wanda ya sayar da gonarsa ya biya fansa.

Domin haka nake roƙon iyaye da malaman makaranta su nemi Le Retour d'un aventurier su kalla tare da yara, minti 34 ne kawai. A bar su su yi dariya son ransu. In an gama a tambaye su dabbar wa aka kwasa, wane ne ya raɗa wa Black Cooper sunansa na fari, me kuma ya sami yarinyar bayan an kashe na'ura.