Wa Ya Gani, Ta Yaya Ya Gani? Nazari a Kan Yabon Littattafan Halittu da Tarihin Kimiyya

Duk ƙarshen shekara manyan jaridun Ingila da Amurka sukan fitar da jerin littattafan da suka ce sun yi zarra. A kowane jeri akan ware gurbi ga masu magana a kan dabbobi da tsirrai da duwatsu, da masu ba da labarin yadda aka gano sirrinsu. Tun 1988 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan take ba da lambar yabo ga littafin kimiyya da aka rubuta domin gama-garin mutane, wanda ya ci kuma a yanzu yakan tafi gida da fam 25,000. Littafi na cin lambar sai shaguna su jera shi a bakin ƙofa, masu sharhi su yi ta maimaita yabon juna. Mai karatu da ke Kano ko Damagaram, wanda zai haɗa kuɗin littafin da na aiko shi daga waje, da wannan jeri yake dogara, domin ba shi da halin ya sayi biyar ya zaɓi ɗaya.

Al'adar tana da amfani, amma ma'auninta ya gaza. Abin da aka fi yabawa shi ne daɗin labari, a ce littafin yana ba da mamaki, in an ɗauka ba a iya ajiyewa. Ba a cika tambayar abin da ya fi nauyi a wannan fanni ba, wato ko marubucin ya nuna hanyar da aka bi aka san abin da yake faɗa. Wa ya gani? Shekara nawa ya yi yana kallo? Wa ya nuna masa hanya? Kuma ina ne ya duba bai ga komai ba?

Fannin ba na jiya ba ne. Pliny na Rum, wanda ya mutu a aman wutar dutsen Vesuvius a shekara ta 79 miladiyya, ya bar aiki mai sassa 37. Jahiz na Basra ya rubuta Kitabul Hayawan a ƙarni na 9, Damiri na Masar, da ya rasu a 1405, ya jera dabbobi bisa haruffa a Hayatul Hayawan. Dukansu sun cakuɗa abin da suka gani da abin da suka ji, ko da yake Jahiz yakan tsaya ya yi gardama da labarin da bai kwanta masa ba, ko daga bakin Aristotle ya fito.

Wanda nake auna sauran da shi wani limamin coci ne, Gilbert White, na ƙauyen Selborne a kudancin Ingila. Littafinsa na 1789 tarin wasiƙu ne ga abokai biyu, kusan duk a kan abin da ke cikin ƙauyen da kewayensa. Akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu launin ganye da mutane suke ɗauka iri ɗaya ne. White ya kasa kunne shekara da shekaru har ya rarrabe su gida uku da kukansu, kuma ya yi daidai. A kan tsattsewa da danginta kuwa ya kauce. Ya daɗe yana zargin cewa wasunsu ba sa barin ƙasar da hunturu, ɓuya suke yi su yi dogon barci. A bazarar 1781 ya ɗauki ma'aikata suka bincike kurmi da ramukan wani wuri da yake kyautata zaton nan suke kwana. Ba a sami ko ɗaya ba, kuma ya rubuta cewa ba a samu ba. Wannan gaskiyar ce ta sa ake yarda da shi a inda ya ce ya gani.

Amsar da White ya nema daga nahiyarmu ta tashi. A 1822, kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, an harbo wani farin tsuntsu dangin shamuwa da mashin Afirka soke a wuyansa. Da shi ya keto hamada da teku. Har yau yana ajiye a Jami'ar Rostock. Masunta da manoman fadamun Haɗeja da Nguru sun san waɗannan baƙi da ke sauka musu da sanyi su tashi kafin damina, kamar yadda Turawa suka san ɓatansu da hunturu. Kowane ɓangare rabin labarin yake riƙe da shi.

Da wannan ido na karanta Every Living Thing na Jason Roberts, wanda ya fito a 2024 ya ci lambar Pulitzer ta tarihin rayuwa a 2025. Labarin mutum biyu ne da aka haifa a shekara ɗaya, 1707: Linnaeus na Suwidin da Buffon na Faransa. Linnaeus shi ya tsayar da tsarin ba kowace halitta suna mai kalma biyu, tsarin da ake aiki da shi har gobe. Shi ne kuma a bugun 1758 na littafinsa ya kasa 'yan Adam gida huɗu bisa nahiya da launin fata, ya liƙa wa kowane gida hali, ya ba mutanen Afirka mummunan rabo ba tare da ya taɓa taka ƙasarsu ba. Buffon ya fi shi shakka da haƙuri. Da ya so sanin shekarun duniya sai ya sa aka ƙera masa dunƙulallun ƙarfe, ƙanana da manya, aka gasa su har suka yi jajir, ya zauna da agogo yana auna lokacin da kowanne zai ɗauka kafin hannu ya iya taɓa shi, da kuma kafin ya huce sarai. Daga nan ya lissafa abin da dunƙule mai girman duniya zai ɗauka, ya sami kimanin shekara 75,000, a zamanin da lissafin coci bai wuce 6,000 ba. Adadin ya yi nesa da biliyan 4.5 da masana ke faɗa yau, amma mai karatu yana ganin ƙarfen da wutar da agogon, yana iya gane inda lissafin zai zame. Irin wannan shafi ne yake sa in ce a sayi littafi. Inda nake jan kunne shi ne Roberts ya karkata ga Buffon. Sai a riƙa tuna cewa Buffon ma ya taɓa cewa dabbobin Amurka ƙanana ne raunana saboda yanayin ƙasar, har Thomas Jefferson na Amurka ya sa aka aika wa Buffon da fata da ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar dawa don ya gani da idonsa.

Neman gwarzo ɗaya shi ne babban ciwon littattafan tarihin kimiyya, kuma shi ne masu yabo suka fi so, domin ya fi sauƙin taƙaitawa. The Invention of Nature na Andrea Wulf, da ya ci lambar Royal Society a 2016, littafi ne mai kyau ƙwarai a kan Alexander von Humboldt. Ta nuna shi a 1800 a bakin tafkin Valencia na Benezuwela yana danganta janyewar ruwa da sare dazuzzuka, ta nuna shi a 1802 yana hawa dutsen Chimborazo yana lura da yadda tsirrai ke canzawa da tsawon tudu. Sai dai masana tarihi na Kudancin Amurka sun daɗe suna nuna cewa wani ɗan nahiyar, Francisco José de Caldas, yana kan irin wannan awo na tsirrai da tudu kafin su haɗu da Humboldt. Sifaniyawa suka kashe Caldas a 1816. Humboldt ya rayu har 1859 yana wallafa littattafai a Faris da Balin. Wanda ya fi tsawon kwana da kusanci da maɗaba'a shi tarihi ya riƙe.

Maganin wannan ciwo James Poskett na Jami'ar Warwick ya nema a Horizons, na 2022. Ya faro daga lambunan tsirrai na sarakunan Aztek a Meziko, ya bi ta ɗakin duban taurari da Ulugh Beg ya gina a Samarkand wajen 1420. A ciki akwai Graman Kwasi, wanda aka kama a gaɓar ƙasar da ake kira Gana yanzu aka kai shi bauta Surinam, inda ya shahara da maganin zazzaɓi daga wani itace mai ɗaci. Samfurin itacen ya isa hannun Linnaeus, ya raɗa masa Quassia, daga sunan Kwasi. Ba a cika samun haka ba. Kukar da ke bakin kasuwanninmu sunan Michel Adanson take ɗauke da shi a littattafan kimiyya, Bafaranshen da ya zauna a Senegal daga 1749. Ɗorawa kuma an ba ta sunan Mungo Park a 1826. Waɗanda suka nuna musu itatuwan suka gaya musu amfaninsu, ba a rubuta sunayensu ba. Aibin littafin Poskett shi ne sauri. Ya ɗauko shekara ɗari biyar da nahiyoyi duka, don haka mutum kan fara ba ka sha'awa sai a wuce da kai wata ƙasa. Duk da haka shi zan fara miƙa wa ɗalibin da aka koya masa cewa kimiyya a Turai kaɗai aka haife ta.

Inda yabo marar bincike ya fi yin ɓarna shi ne batun itatuwa. A 1997 Suzanne Simard da abokan aikinta suka wallafa gwajin da suka yi a dajin yammacin Kanada, inda suka bi sawun sinadarin kabon yana wucewa tsakanin 'yan itatuwa iri biyu da zaren funfunar ƙarƙashin ƙasa ya haɗa saiwoyinsu. Gwaji ne mai iyaka. Amma kafin a ankara ya zama babban labari: itatuwa suna hira, uwa tana shayar da 'ya'yanta, daji yana kula da marasa lafiyarsa. Littafin Peter Wohlleben, ma'aikacin gandun daji a Jamus, ya fito a 2015 ya bazu a duniya da wannan hoto, jaridu suka yi ta sa shi a jerinsu. A 2023 masana uku, Justine Karst da Jason Hoeksema da Melanie Jones, suka koma suka tace binciken da aka yi a daji. Suka iske babu gwajin daji da aka tantance wanda ya tabbatar da cewa manyan itatuwa suna fifita 'ya'yansu ta wannan hanya, kuma masana kansu sun riƙa ambaton sakamakon da ya yi musu daɗi suna tsallake wanda bai yi ba. Jones tana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 1997, abin da ya ƙara wa maganar nauyi. Labarin ya shiga zukata ne don ya dace da abin da muke so daji ya kasance, masu jerin ƙarshen shekara kuwa ba su tambayi gwaji nawa aka yi ba.

Shi ya sa nake girmama An Immense World na Ed Yong, na 2022, wanda ya ci lambar Royal Society a 2023. Batunsa yadda kowace dabba take jin duniya da gaɓoɓinta: kaska da ke bin wari da ɗumin jiki, giwa da ke kira da muryar da ta yi ƙasa da jin kunnenmu, jemage da ke gane hanya da amsa-kuwwar kukansa. Tarihin jemagen kansa darasi ne. A shekarun 1790 Lazzaro Spallanzani na Italiya ya ga jemagun da suka makance suna tashi ba sa karo da komai, Louis Jurine na Janeba ya toshe musu kunnuwa da kakin zuma sai suka rikice. Manyan masana suka yi watsi da maganar har sai da Donald Griffin ya sami na'urar jin sautin da ya wuce kunnen mutum a Harvard a 1938. Yong yana shiga ɗakunan gwaji ya zauna da masu aikin, kuma da ya zo kan yadda tsuntsaye ke jin maganaɗisun ƙasa, ya faɗa a fili cewa har yanzu ana gardama a kan gaɓar da ke yin aikin, gwaje-gwaje da dama kuma an maimaita su ba su ba da sakamako ɗaya ba. Bai rage wa littafin daɗi ko kaɗan ba.

Mu ma muna da kayan irin wannan rubutu a jibge. J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan babban littafinsa na tsirrai masu amfani a Afirka ta Yamma a 1937, ilimin da ya tattaro daga bakin manoma da makiyaya da masu magani. Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi a kan hatimin lissafi ya rasu a Alƙahira a 1741. Kusa da mu kuma akwai labarin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, har gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon kututture a gonakinsu suna gyara shi maimakon sassabe shi, masu bincike kuma sun ƙiyasta itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Sunan da duniya ta sani a labarin shi ne na Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aikin a Maraɗi ya karɓi lambar Right Livelihood a 2018, kuma ya cancanta. Manoman da suka fara gwada abin a gonakinsu, suka jure dariyar maƙwabta da satar itace, wasunsu suna raye, 'ya'yansu kuma suna iya nuna kututturen da aka fara bari a kowace gona da shekarar da aka bar shi.