Jinjina ga Masu Adana Littattafan Cocin Ayalan

Ba'amurken da ke neman asalin kakanninsa a ƙasar Ayalan yakan gamu da cikas tun farko. A shekarar 1922, lokacin yaƙin basasa, gobara ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Dublin, ta lashe mafi yawan bayanan ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851. Ga shi kuma gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa da mutuwa da auren kowa da kowa ba sai 1864, bayan babbar yunwar da ta faro a 1845 ta riga ta kori kimanin mutum miliyan ɗaya zuwa ƙetare.

Littattafan cocin Katolika ne suka cike giɓin. Jinjina ta farko ta limaman ƙauyuka ce, waɗanda suka riƙa rubuta baftisma da ɗaurin aure, galibi da Latin: sunan ango da amarya, shaidu, wani lokaci har da ƙauyensu. Da yake littattafan suna hannun coci-coci, wutar ba ta kai gare su ba.

Jinjina ta biyu ta ma'aikatan Ɗakin Karatu na Ƙasar Ayalan ce. Tun shekarun 1950 suka bi littattafan suna ɗaukar hotonsu shafi-shafi, sannan a 2015 suka ɗora na majami'u fiye da dubu a intanet kyauta, yawancinsu har zuwa wajen 1880. Yau jika a Boston ko Sydney, muddin ya san cocin garinsu, zai iya karanta ranar auren kakan kakansa daga ɗakinsa.