Takarda ta yi daraja, mai ita fa?

A 1998 gidan rediyon ƙasar Faransa ya yi kira ga masu saurare su kawo wasiƙun da kakanninsu suka rubuto daga filin daga a yaƙin 1914 zuwa 1918. Mutane dubbai suka amsa, aka tace, aka fitar da littafin Paroles de poilus. Na karanta shi, kuma ya taɓa ni: manomi na tambayar matarsa labarin gona, saurayi na yi wa uwarsa ban kwana. Aikin ya yi kyau. Sukar da nake yi ita ce yadda ake miƙa mana shi a lakwal kamar shi ne muryar yaƙin gaba ɗaya.

Kusan mutum 200,000 Faransa ta kwasa daga Afirka ta Yamma a wannan yaƙin, kimanin 30,000 ba su dawo ba. Duka ta kira su tirailleurs sénégalais, ko Bahaushe ne ko Bazabarme ko Bambara. To ina wasiƙunsu? Mafi yawansu ba su yi boko ba. Sai soja ya faɗa, wani ya rubuta, masu tace wasiƙu na soja su duba, a gida kuma wani ya karanta ya fassara. Magana ta bi hannu uku kafin ta isa kunnen uwa. Mai nazarin harshe dole ya tambaya: a cikin wannan takarda, wa ke magana? A 1916 har ɗan littafi aka buga don koya wa hafsoshi gurguwar Faransancin da za su riƙa yi da sojojinmu. An rage musu harshe da gangan, daga baya aka ce ba su iya magana ba.

Yau irin waɗannan takardu sun zama haja. Masu tara kayan tarihi a Turai na sayen ambulan saboda tambarin gidan waya da ke kansa, ana gwanjonsu a intanet. Shi kuwa mai wasiƙar, mi ya samu da ya dawo?

Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Caroy kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan ƴan Afirka da suka fito daga hannun Jamus, don kawai sun nemi kuɗinsu. Hukuma ta ce 35 suka mutu. A 2014 Hollande ya ce za su kai 70. Sai a 2024 Macron ya yarda kisan gilla ne. Fim ɗin Sembène Ousmane na 1988 ya riga su faɗi. A Disamba 1959 kuma aka yi dokar da ta daskare fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka samu ƴanci. Wani tsohon soja na Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara. Babbar kotu ta ba shi gaskiya a 2001, alhali ya riga mu gidan gaskiya. Ba a daidaita kuɗin duka ba sai 2011. Mutum nawa suka rage a lokacin?

Amma kada mu tsaya ga zagin Nasara, ƴan uwa, laifi tudu ne. A Inates, Disamba 2019, sojojinmu 71 suka faɗi. A Cinegodar, Janairu 2020, 89. Wasiƙarsu ta yau saƙon murya ce ta WhatsApp, da Hausa ko Zabarmanci, da bakinsu, babu tafinta. Waya ta lalace, shi ke nan, murya ta tafi. Wanda ya dawo da rauni ko da firgita cikin dare, wa ke zuwa gaishe shi bayan sati na fari?

Ga shawarata. Wannan hutu, daga Cadawa zuwa Gazawa da Gidan Rumji, kowa ya tambayi tsofaffin gidansu: akwai takardar soja, lambar girma, wasiƙar ajami cikin adaka? A ɗauki hoto da izini, a rubuta sunan mai ita da garinsu, a bar wa iyali abinsu, kada a sayar. In akwai tsohon soja ko matar marigayi a unguwa, a fara da zuwa gaisuwa, kuma kada a je hannu rabbana. Rakoda ta biyo baya.