Ina Jakada a Labaranmu na Sarauta?

Duk wanda ya karanta *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam ba zai manta da fadar Sarki Abdurrahman ba, da makircin Waziri, da bakin aku. Tun fitowarsa a 1937, yawancin masu rubuta mana labarin sarauta a fada suke yada zango. Ƙorafina shi ne, ba a gane mulki daga zauren sarki. Ana gane shi ne a ƙofar gidan manomi, ranar karɓar haraji.

Mu auna da manyan dauloli biyu da suka yi zamani ɗaya. Daular Han ta ƙasar Sin ta rarraba ƙasa larduna da gundumomi, tana tura musu ma'aikata masu albashi, kuma ba a naɗa mutum ya shugabanci yankin da aka haife shi. Ƙidayarta ta shekara ta 2 miladiyya ta rubuta mutum fiye da miliyan 57. Ita kuwa Rum ma'aikatanta kaɗan ne. Ta bar wa attajiran kowane birni tara haraji, daga baya ma in ya gaza su cika daga aljihunsu. Manomin Sin baƙo yake gani da takarda a hannu, na Rum kuwa ɗan garinsu yake gani. Tsoron nasu ba iri ɗaya ba ne, don haka labarinsu ba zai zo ɗaya ba.

Mu ma muna da namu. Kafin Turawa su ci Kano a 1903, yawancin hakimai a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, jakadu ke kai-kawo tsakaninsu da dagatai. Bayan 'yan shekaru aka yanka gundumomi, aka ce hakimi ya koma ya zauna cikin talakawansa. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, wadda ke ƙarƙashin Kano a lokacin, ta ga wannan sauyi. Ka yi tunanin manomi a Sara wanda jiya jakada kawai ya sani, yau ga hakimi kusa, ga malamin haraji da littafi. Wace fada ce za ta ba ka rikici irin wannan?

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riga mu gane haka. A *Kitabul Farƙ*, da ya tashi bambance mulki da mulki, sai da ya sauko kan jangali, da kuɗin gari, da gaisuwar da ake kai wa masu iko.

Ba laifin Imam nake gani ba, tatsuniya ya gina, kuma ta ginu. Laifin namu ne da muka gaji fadar muka bar hanyar da ta fita daga cikinta. Marubucin da ke son mu ji nauyin rawani, ya bi jakada zuwa ƙauye, ya nuna mana wanda ya auna hatsin da wanda aka bari da rumbu fayau.