Jinjina ga Ma'abota Alƙalamin Tarihi

Haƙƙi ne a kan mutanen Madawa da Buza da Keita, magada ƙasar Adar da Gobir Tudu, su jinjina wa malaman da suka tsare labarin magabata da tawada, tun daga Muhammadu Bello, wanda ya wallafa Infaƙul Maisuri a 1812, har zuwa Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda cikin Raudatul Afkari ya jero sarakunan Gobir da yaƙoƙinsu daki-daki, alhali danginsa ne suka yaƙe su. Wannan amana, wallahi, ba kowane malami ke iya ɗaukarta ba. Bisa sawunsu Farfesa Djibo Hamani ya fitar da tarihin Adar a 1975. Allah ya saka musu da alheri; ɗalibai kuwa su nemi littattafan nan su karanta.